TUKUNYA TA CANZA, ƘANZO YANA NAN

Yau gindin murhu zan kai mu. Wai shin kin taɓa tambayar kanki me ya sa tukunyar kakarki ta daɗe tana aiki har ta ga jikoki, taki kuwa da aka jera miki a kayan ɗaki ko shekara biyu ba ta rufa ba gindinta ya lotse? Ni dai wanki na ɗora wa laifi. Kowace tukunya da ta shigo ƙasar nan da irin wankinta ta zo, mu kuma muka haɗa su muna yi musu kuɗin goro.

Da can tukunyar ƙasa ce sarauniya. Magina ke gina ta da yumɓu a gasa, Gwarawa kuma sun yi suna a wannan sana'a. Cikinsu ne aka sami Ladi Kwali da ta rasu a 1984, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ita tukunyar ƙasa a hankali take ɗaukar zafi, kuma jikinta na shan abin da aka zuba mata, shi ya sa ba a cika ta da sabulu, kar miyar gobe ta ɗauki ƙamshinsa. Ba a kuma zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, sai ta tsage. Idan an kwashe tuwo da mara, abin da ya kama a gindi a bar shi a kan sauran garwashi ya bushe, ya ɗago da kansa kamar faifai. In ya ƙi, a zuba ruwa a rufe, kafin asuba ya saki.

Kin ga ke nan iyayenmu ba su ɗauki ƙanzo datti ba, abinci ne. A shanya shi a tara a buhu, ranar da gida ya yi shiru a daka a jiƙa, a sa ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji, ga kwaɗo ya haɗu. Ruwan jiƙon kuma na awaki ne. Tsofaffin da suka ga farin 1973, wallahi ba ki isa ki zubar da ƙanzo a gabansu ba. Har a Gana ma ƙanzon shinkafa da wannan sunan namu ake kiransa. Amma fa a bambance: ƙanzo daban, ƙonewa daban. Wanda ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri gawayi ne, ba na ci ba ne.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan ƙarfe suka yi ta kwararowa ta hannun kamfanonin Turawa irin su John Holt. Daga baya langa ta cika ɗakunan amare, har 'yan kasuwar Honkon suka kafa masana'antunta a Nijeriya wajen 1960. To langa ƙarfe ce da aka lulluɓe da gilashi. Kika sa wuƙa ko cokali kika ƙanƙare, fentin ya ɓantale, tsatsa ta samu ƙofa, shi ke nan.

Sai alminiyon. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, maƙera a Afirka ta Yamma suka koyi narka tsofaffin kayan alminiyon suna zubawa a yashi, ga manyan tukwanen biki da muke dafa shinkafar suna a ciki. Kamfanoni irin su Tower kuma suka kawo masu shara-shara, waɗanda kafin ki amsa sallama abinci ya kama. Wahalar ba tamu kaɗai ba ce. A 1917 wani mai tallar tukwanen alminiyon gida-gida a Amurka, Edwin Cox, ya riƙa cusa sabulu cikin soson ƙarfe yana ba matan gida kyauta don su saurare shi. Ƙarshe soson ya fi tukwanen kasuwa, matarsa ce ma ta raɗa masa suna S.O.S.

A nan ne muke yin ɓarna. Toka da yashi da muka gada suna cin maiƙo, don toka in ta haɗu da mai kusan sabulu take komawa, ai da ruwan toka ake yin sabulun salo. Amma kanwa da toka mai ƙarfi duhu suke sa cikin alminiyon, yashi kuma kullum yana rage mata kauri. Abin da ke haska ta tsami ne. Ki zuba ruwa ya rufe wurin da ya kama, ki jefa tsamiya ko lemun tsami, ya tafasa kamar minti 10, ki ture da muciya. Bayanta kuwa, in a icce za ki ɗora, ki kwaɓa toka ko sabulu ki shafe tukuna, baƙin zai bi ruwa ya tafi.

Ta ƙarshen zuwa ita ce tukunya marar kamu. Sinadarin da ake shafa mata, Teflon, a 1938 aka gano shi a Amurka. A 1954 wani injiniya a Faransa, Marc Grégoire, yana shafa shi a kayan kamun kifinsa, matarsa Colette ta ce ya gwada mata a kaskonta, daga nan aka sami Tefal. Allah Sarki, mai wanke-wanke ita ta san inda ke mata ciwo.

Kwanaki na je ganin ɗakin wata amarya, na tarar ƙanwar mijinta ta zage tana dirzar irin wannan tukunya da soson ƙarfe, wai baƙin cikin ne bai fita ba. Baƙin nan kuwa shi uban amarya ya biya da tsada. Ita ba ta son komai sai a bari ta huce, a jiƙa ta da ruwan ɗumi, a bi ta da soso mai laushi, cokalinta kuma na katako.