Lotsewar bututun numfashi a ƙananan karnuka: magani da tiyata

Cuta ce da likitocin dabbobi ke kira collapsus trachéal da Faransanci. Ta fi kama ƙananan karnukan da ake ajiyewa cikin gida, irin su Yorkshire, Chihuahua, carlin, bichon maltais da ƙaramin caniche. Da wuya a same ta ga manyan karnuka kamar Azawakh na makiyaya. Yawanci tana bayyana ne kare yana wajen shekara 6 ko 7, ko da yake wasu kan fara tun suna ƙanana.

Bututun da ke kai iska daga maƙogwaro zuwa huhu yana tsaye ne bisa zobban guringuntsi masu siffar harafin C, da wata fata mai laushi da ta rufe bayansu. Idan guringuntsin ya yi rauni, zobban sai su baje, fatar ta lotsa ciki, hanyar iska ta ƙuntace. Tari yana sa wurin ya kumbura, kumburin kuma ya ƙara tarin. Wannan zagayen ne magani ke ƙoƙarin katsewa, domin guringuntsin da ya riga ya yi laushi ba ya komawa yadda yake.

Babbar alama ita ce busasshen tari mai ƙara kamar kukan dinya. Yana tashi idan kare ya yi zumuɗi, ko ya yi gudu, ko ya sha ruwa, ko an ja shi da igiyar wuya. In numfashi ya yi wuya har harshe ya koma shuɗi, ko kare ya suma, a kai shi wurin likita nan take, a sa masa iskar oksijin da allurar kwantar da hankali.

Tari kaɗai ba ya tabbatar da cutar, don ciwon zuciya da tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa su ma suna kawo shi. Likita zai ɗauki hoton wuya da ƙirji, amma hoto ɗaya kan iya ɓoye matsalar: ɓangaren wuya yana lotsewa ne lokacin shaƙar iska, na cikin ƙirji kuwa lokacin fitar da ita. Hanya mafi tabbaci ita ce zura siririn bututu mai kyamara bayan an sa kare barci. Da ita ake raba cutar mataki huɗu: hanyar ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, ko 50, ko 75, ko kuma ta kusa rufewa gaba ɗaya.

Kusan bakwai cikin goma na karnukan suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba. Ana ba da maganin danne tari kamar butorphanol ko codéine, da prednisone na ɗan lokaci don rage kumburi. Idan an daɗe ana ba da prednisone, kare yakan yi ƙiba ya riƙa haki, abin da ke tsananta cutar, shi ya sa ake komawa ga fluticasone na shaƙa. Wasu kan amfana da théophylline ko terbutaline masu buɗe ƙananan hanyoyin huhu. Doxycycline da makamantansa ba su da amfani sai in ƙwayoyin cuta sun shiga. Kada a ba kare maganin tarin mutane daga kantin magani ko daga masu talla, domin wasu na ɗauke da paracétamol mai lalata hantarsa, ibuprofène kuma yana ɓata masa ciki da ƙoda.

Aikin da ya fi tasiri kuwa a gida yake, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ga kare mai kilo 3, ƙarin rabin kilo ba ƙaramin nauyi ba ne, rage shi kaɗai kan sauƙaƙa tari sosai. A cire igiyar wuya, a sa ɗamarar ƙirji. A nisanta shi da hayaƙin taba, na murhu, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 a Yamai ko Damagaram, duk suna tayar da ciwon, don haka yawo sai da sassafe ko bayan magariba.

Tiyata ta kare ce da numfashinsa ya ƙi daidaita duk da magani. Iri biyu ne. Na farko, a tsaga wuya a ɗinka zobban roba a bayan bututun su riƙe shi. Wannan ya dace da ɓangaren wuya kawai, kuma ana iya taɓa jijiyar maƙogwaro ya shanye. Na biyu, a zura wata ragar ƙarfe da ake kira stent, wadda aka ƙera da nikel da titaniyom, ta baki zuwa cikin bututun, ta buɗe da kanta. Ba a yanka, kuma tana kaiwa har cikin ƙirji. Sai dai ragar kan karye, ko ta gusa, ko tsoka ta tsiro a bakinta ta sake ƙuntata hanya. Aiki ne mai tsada na asibitocin ƙwararru. Yana buɗe numfashi, amma ba ya kashe tari: yawancin karnukan da aka yi wa suna ci gaba da shan magani, ana kuma sake ɗaukar hoto lokaci-lokaci don duba ragar.