Tambayar Ummu Sulaim da tarihin hukuncin ruwan mace

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴar uwa mai karatu, tambayar da ke zuwa mana a ɓoye daga Ƙonni da Malbaza da Illela, wadda mai ita kan roƙa kada a ambaci sunanta, ita ce: shin mace tana da maniyyi kamar namiji, kuma yaushe wanka yake hawa kanta? Ki kwantar da hankalinki, an riga ki yin wannan tambaya da shekara fiye da dubu da ɗari huɗu, kuma a gaban mafificin halitta aka yi ta.

Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas ɗan Malik, matar Abu Ɗalha, ita ta zo wurin Manzon Allah (SAW) a Madina. Ta fara da ambaton cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaya ko wanka ya wajaba ga mace idan ta yi mafarki. Ya amsa mata cewa ya wajaba, muddin ta ga ruwa. Ummu Salama, uwar muminai, ta rufe fuskarta don kunya, ta tambaya cikin mamaki ko mace ma tana irin wannan mafarki. Annabi ya tabbatar mata, ya kuma ja hankalinta ga kamannin da ɗa yake ɗaukowa daga uwarsa. Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya kawo hadisin a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun kawo shi, kuma a ruwayar Muslim aka siffanta ruwan namiji da fari mai kauri, na mace da fatsi-fatsi mai tsinkewa. Ki lura, Annabi bai tsawata wa mai tambayar ba. Nana A'isha ma daga baya ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Masanan Yunan sun daɗe suna gardama a kan wannan batu. Arisɗo ya tafi a kan cewa mace ba ta da iri, jini kawai take bayarwa, likita Jalinusu kuwa ya ce kowane ɗaya cikin ma'aurata yana da nasa. Malaman fiƙihu ba su jira ƙarshen gardamar ba, domin nassi yana hannunsu.

Hukuncin ya iso ƙasar Hausa cikin littattafan Malikiyya waɗanda har yau ake jan baƙinsu a zaure: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 386 bayan hijira, sai Muhtasar na Halil ga wanda ya yi nisa. Tun a farkon babin tsarki Risala ta ambaci ruwan mace da siffarsa, ta wajabta wanka saboda fitarsa da jin daɗi, a barci ko a farke. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita a ƙasarmu ita ce, littafin yana zaure wurin maza, mai buƙatar hukuncin tana cikin gida.

Wannan ne ya dami Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kada ki manta, a nan ƙasarmu aka haife shi, a Maratta kusa da Galmi, a shekarar 1754, kafin iyayensa su koma Ɗegel. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi ba. Lokacin da wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani, hujjarsu kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin farillansu ya fi muni. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da wannan hujja aiki. Ta kafa ƴan taru, tana naɗa jaji da malfa, dattijuwa mai amana wadda za ta jagoranci matan ƙauye su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. A ganina hikimar tana cikin zaɓen dattijuwa, domin akwai tambayar da budurwa ko amarya ba za ta iya furtawa gaban malami namiji ba ko da za ta shekara tana salla ba tsarki.

Likitocin Turai sun zo daga baya da wuƙar fiɗa. Bartholin ya bayyana a 1677 ƴan ƙululun da ke jiƙa bakin farji lokacin sha'awa, von Baer ya gano ƙwan mace a dabbobi masu shayarwa a 1827, Skene kuma ya siffanta a 1880 wasu ƙululu a gefen hanyar fitsari waɗanda ruwansu yake kama da na wani sashen jikin namiji. Abin da likitoci suka sani a yau shi ne mata sun bambanta ƙwarai: wata takan ga ruwa a fili idan ta kai ƙarshen jin daɗi, wata ba ta ganin komai sai lafawar jiki, kuma duka biyun lafiyayyu ne. Kai ma mai gida ka riƙe wannan, kada ka zargi iyalinka da cuta ko fitsari a kan halittar da Allah ya yi mata.

Malamanmu sun hango wannan bambanci. Mashhurin mazhaba shi ne sai ruwan ya bayyana a waje kafin wanka ya wajaba, amma malam Sanad, mai littafin Ɗirazi, ya ce jin saukarsa ya wadatar ga mace, saboda yawanci ciki yake komawa. Saɓanin yana kan abin da ba saduwa ba ne. Idan saduwa ta auku har kan kaciya ya ɓuya, wanka ya hau kan su biyun, ko an yi inzali ko ba a yi ba.

To, ga yadda za ki rarrabe. Danshin da ke zuwa a farkon sha'awa, lokacin wasa ko tunani, maziyyi ne: ki wanke wurin da abin da ya taɓa na tufa, ki sake alwala. Wanda ke zuwa a ƙololuwar jin daɗi, jiki ya mutu bayansa, maniyyi ne, sai wanka. Idan kin yi mafarki kika farka ba ki ga jiƙa ba, babu wanka a kanki, kuma mafarki da rana a Ramadan ba ya karya azumi. Wurin wankan ki yi niyya, ki game jiki da ruwa tare da cuɗawa, domin cuɗawa farilla ce a wurin Malikiyya. Ba dole ki tsefe kitsonki ba, ki dai zuba ruwa ki murza har ya ratsa gindin gashi, sai fa idan kitson ya yi tsaurin da ruwa ba ya shiga. Ruwan da ya zo da wari ko ƙaiƙayi ko zafin fitsari kuwa, wannan ba babin janaba ba ne, ki nufi asibiti ko wurin ungozoma a duba ki.

Wallahu a'alamu.