Bakin Uwa da Idin Tashi a Birnin Hippo

A bakin Bahar Rum, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, an yi wani tsohon birni wai shi Hippo, nan inda Annaba take. Can Agustin ya yi zaman bishof har ya rasu cikin 430. Shi kansa tubabbe ne. Ya yi ƙuruciyar sharholiya, uwarsa Monika tana ta yi masa addu'a da hawaye, har Allah ya juyo da shi, aka yi masa baftisma a Milan daren Idin Tashin Almasihu cikin 387. Da fari ya rubuta cewa mu'ujizai irin na zamanin manzanni sun wuce, daga baya ya gyara maganarsa. Ga ɗaya daga cikin abubuwan da ya gani da idonsa.

Wajen 425, saura kamar kwana 15 a yi Idi, sai ga baƙi biyu a Hippo, Bulus da 'yar'uwarsa Paladiya, mutanen Kaisariya ta Kafadokiya, jikinsu yana makyarkyata ba dare ba rana. Su 10 ne wurin uwarsu, maza 7, mata 3. Bayan rasuwar ubansu, babban wansu ya zagi uwar har ya ɗaga mata hannu, sauran kuwa suka yi shiru. Ta yi musu baki duka. Cuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kunya ta watsa su cikin duniya. Uwar da ta ga abin da bakinta ya jawo, sai ta rataye kanta.

Ran Idi da safe, majami'a ta cika maƙil, Bulus yana addu'a wurin da aka ajiye ƙasusuwan Istifanus shahidi, sai ya faɗi kamar mai barci. Ya tashi garau. Jama'a suka ɗauki sowa.

Ran na uku Agustin ya tsai da su biyu gaban mutane, ɗaya lafiyayye, ɗaya tana rawar jiki, aka karanta labarinsu. To, ku dubi abin da ya fara yin wa'azi a kai. Bai tsaya ga mamakin warkewa ba, sai ya ce 'ya'ya su girmama iyaye, iyaye kuma su ji tsoron bakinsu. Bai ƙare ba aka ji ihu, Paladiya ta je ta yi addu'a, ita ma ta warke. Ya sa labarin cikin littafinsa, Birnin Allah.

Jama'a, a wannan gida har waɗanda suka yi shiru ba su tsira ba. Uwar ta yi nadama, amma ta yanke ƙauna. 'Ya'yan suka ɗauki kunyarsu suka kai gaban Allah. Wanda ke da uwa ko ɗa da ba sa ga maciji, kada ya bari Idin Tashi ya wuce bai nemi gafara ba.