Daga Raƙuman Ɗantata Zuwa Takardar Banki

A 1929, kamar yadda tarihin Kano ya adana, Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 bankin Turawa wanda yau ake kira First Bank. Sunansa ya ishe shi shaida, domin gari ya san cinikinsa na goro da gyaɗa. Haka fatauci ya daɗe yana tafiya a kasuwar Kurmi: dillali ya san mai kaya, maigida ya tsaya wa baƙonsa.

Wannan sanayyar ce takarda ta gada. An kafa hukumar EFCC a 2003, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki sanar da hukuma duk mu'amalar mutum ɗaya da ta haura naira miliyan 5. Wasu na cewa an mai da ɗan kasuwa abin zargi, alhali cinikin Kantin Kwari da Dawanau na tsabar kuɗi ne. Kukan na da tushe. Sai dai ma'aikacin banki bai san kowa ba, kuma sanarwa ba tuhuma ba ce. Abin da ke jawo zargi shi ne rarraba kuɗi kashi-kashi don kauce wa ƙa'ida. 'Yan kasuwa, a yi rajistar sana'a, a buɗe mata asusu nata, a adana rasit.