Injin da ke gini da zaren roba

Ɗan uwa, ka san yadda ake ginin rumbu: a ɗora laka zagaye ɗaya, ta ɗan sha iska, a ɗora wani. To, haka injin da ake kira firinta 3D yake aiki, sai dai shi lakarsa zaren roba ce. Yana jan zaren daga ƙulli, ya narkar da shi a zafin da ya kai wajen digiri 200, ya riƙa zubawa layi bisa layi har abin da aka zana a kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa.

Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya faro abin a 1988, wai garin yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da bindigar narka gam. A 1989 ya nemi takardar mallakar fasahar, ya kafa kamfanin Stratasys tare da matarsa Lisa. Shekara ashirin injin yana hannun manyan masana'antu, don kuɗinsa dubban daloli ne.

Abu biyu suka karya farashin. A 2005 Adrian Bowyer, malami a jami'ar Bath ta Ingila, ya fara aikin RepRap, injin da ke buga wasu sassan jikinsa, ya kuma saki zanen kyauta. Sannan a 2009 wa'adin takardar Crump ya cika. Daga nan kowa ya shiga ƙerawa. Har a Lome, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa nasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Ina ruwanka? Sau nawa ka jefar da fitila ko rediyo don wani ɗan maɓalli ya karye, ko ka bar jarka don murfinta ya ɓata? Irin waɗannan ƙananan kaya su ne abincin injin nan. A Nepal, bayan girgizar ƙasa ta 2015, da shi aka buga mahaɗan bututun ruwa.

Amma fa a yi hattara, roba ba ƙarfe ba ce. Zaren da ya fi yawa, PLA, daga masara ko rake ake yin sa, kuma yana fara laushi a wajen digiri 60. Mota ta yini a rana a bazara, sai ka tarar da kayanka ya lanƙwashe. Ga shi yana son wuta ba yankewa, wani lokaci awanni. In an kawo maka irin kayan nan a kasuwar kan iyaka, kafin ka ciro kuɗi ka tambayi mai shi da wane zare aka buga.