Daga Dutsen Habuɗe zuwa kaskon ƙosai: tarihin mai da ciwon suga a kudancin Jigawa

1/ "Ai suga gadon gidanmu ne." Kusan kowa ya taɓa jin wannan maganar. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. In gado ne kawai, me ya sa ciwon da kakanninmu ba su cika sani ba ya cika layin asibitin tarayya na Birnin Kudu? Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da duwatsu. A Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa akwai tsofaffin zane-zane da Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950. Me aka zana? Shanu, da yawansu ma marasa tozo, ba irin na yau ba. Wato nono da man shanu sun daɗe ƙwarai a wannan yankin.

3/ Gyaɗa kuwa baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta fito. Ta zama kuɗi ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Birnin Kudu da Gwaram na lardin Kano a lokacin, kafin a yanki Jigawa a 1991. Ana kai gyaɗa dala, mata kuma na matse mai a gida, su soya ƙuli-ƙuli.

4/ Amma ku lura, mai ɗin nan da cokali ake zuba shi a miya. Tuwon gero ko dawa, miyar kuka, ɗan man shanu a kai. Wanda ya ci kuma ya wuni yana huɗa, ko ya tako a ƙafa daga ƙauye zuwa kasuwa. Matar gida ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa.

5/ A 1962 wani masanin gado, James Neel, ya ce wataƙila al'ummar da ta sha yunwa ta gaji jiki mai iya tanadin kitse, sai tanadin ya zama cuta idan abinci ya wadata. Ga mu da yunwar 1913 da farin 1973, sai zancen ya yi daɗin ji. Har yau dai masana na jayayya a kansa, don haka kar a riƙe shi kamar karatu.

6/ Abin da ya tabbata: a 2006 aka gano alaƙar ƙwayar gado TCF7L2 da ciwon suga a Aisland. Wani nau'inta na rage wa jiki fitar da insulin, kuma an same shi a 'yan Najeriya da Gana. A 2019 ayarin su Charles Rotimi suka gano alaƙar wata, ZRANB3, da ciwon a 'yan Afirka.

7/ Har sarrafa mai gado na da hannu a ciki. Ƙwayoyin FADS su ke juya man tsirrai, irin na riɗi da gyaɗa, zuwa sigar da jiki ke buƙata. Na mutanen Girinlan masu rayuwa da kifi da kitsen dabbobin teku sun sha bamban da na yawancin 'yan Afirka. Cokali ɗaya, aiki daban a jiki daban.

8/ Yanzu ga inda zancen "gado ne" ke karyewa. Likitoci a Sakkwato sun auna Fulanin karkara, masu suga kashi 0.8 cikin 100. Fulanin birni, kashi 4.6. Jini ɗaya fa! A Filato ma, binciken 2001 ya tarar makiyaya na cin man shanu sosai, amma kitsen jininsu lafiya lau. Siraran mutane ne masu bin shanu duk yini.

9/ A 2019 mujallar BMJ ta haɗa bayanan mutum sama da 100,000. Mai nauyin gado ya fi shiga haɗari, e. Amma musanya farin gari da sukari da irin man da ya fi yawa a riɗi ya zo da raguwar haɗari, ko gadonka mai nauyi ne ko mara nauyi. Sai dai duk Turawa aka auna, ba ɗan Gwaram ko ɗaya.

10/ Abin da ya canja a wajenmu cikin shekara 50 ba jini ba ne. Injin niƙa ya karɓi turmi, babur ya karɓi ƙafa, shinkafa da taliya da lemon kwalba suka ture gero. Mai ya tashi daga cokali ya koma jarka, ana soya ƙosai da awara da wanda ya yi baƙi don maimaitawa. Ni a ganina ɗora wa man shanu laifin nan zalunci ne.

11/ Abin haushi, Jigawa na sahun gaba a noman riɗi, amma yawancinsa buhu-buhu ake lodawa zuwa ƙasashen waje, mu a bar mu da kantu.

12/ In mahaifi ko mahaifiyarka na da suga, kar ka jira sai yawan fitsari da ƙishirwa sun fara. Je ka a ɗiga jinin yatsa da safe kafin ka karya, a asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa.