Daga Dala zuwa Kura: Wuraren da baƙo zai ziyarta a ƙasar Kano, dare da rana

Birnin Kano na ɗaya daga cikin tsofaffin biranen Afirka ta Yamma, kuma jerin sarakunansa da ke rubuce ya haura shekara dubu ɗaya.

Akasarin wuraren tarihin da ke cikinsa wurare ne da har yanzu jama'a ke neman abinci a ciki. Ana ciniki a Kasuwar Kurmi, ana rini a Ƙofar Mata, ana kuma zaman fada a Gidan Rumfa.

Sai dai rabin labarin Kano yana wajen ganuwa. Tufafin da suka kai sunan birnin cikin Sahara, da kuma kaso mai yawa na shinkafa da tumatirin da ake ci a cikinsa, daga yankin Kura suke fitowa, kimanin kilomita 30 kudu da birnin.

Dutsen Dala da ganuwa

Masu ziyara da dama kan fara ne da hawa Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta take.

Binciken masana ya nuna cewa ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya ce a nan Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ya zama sarki a shekara ta 999.

Daga saman dutsen ana hangen Goron Dutse, da hasumiyoyin Babban Masallaci, da unguwannin cikin birni. A ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dubban mutane ne ke hawansa.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashin ganuwa, sarakunan da suka biyo baya kuma suka faɗaɗa ta. Ƙofofinta, irin su Ƙofar Nasarawa, da Ƙofar Mata, da Ƙofar Mazugal, da Ƙofar Ruwa, da Kabuga, su ne har yau ake kwatance da su.

A 2007 Najeriya ta sanya ganuwar a jerin wuraren da take neman Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. To amma ruwan sama, da masu ɗibar ƙasa, da gine-gine sun cinye wurare da yawa daga cikinta, an kuma sake gina akasarin ƙofofin da siminti domin faɗaɗa hanyoyi.

Fada da kasuwa

Sunan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne baƙo zai fi ji a tsakiyar birni. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Al-Magili ya zo Kano.

Fadar gidan zama ce, don haka sai da izini ake shiga cikinta. Kusa da ita akwai Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. A nan ake ajiye da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa, waɗanda suka ci birnin a watan Fabrairun 1903.

Babban Masallacin Juma'a da ke gefen fada an kammala gininsa na yanzu ne a 1951, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A unguwar Nasarawa kuma akwai Gidan Ɗan Hausa, ginin ƙasa da Hanns Vischer ya zauna a ciki. Shi ne Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Kasuwar Kurmi ita ce inda ayarin raƙuma daga Agadas da Tarabulus ke sauke gishiri da hajoji, su ɗauki tufafi da fatu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana saƙa da rini a matsayin ƙashin bayan arzikin birnin.

A yau manyan hada-hadar sun koma Kantin Kwari, da Singa, da Dawanau. Abin da ya rage wa Kurmi shi ne kayan hannu: sirdi da linzami, da jakunkunan dukawa, da ƙorai, da huluna, da turare, da littattafan addini. Lungunanta ƙunci gare su, kuma baƙo zai fi jin daɗin yawo idan yana tare da ɗan gari.

A marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta a 1498, ana jiƙa baba da toka da kanwa a cikin ramuka har ruwan ya nuna, sannan a riƙa tsoma zane ana ɗagowa ya sha iska har launin ya kama. Ramuka da yawa sun daina aiki, saboda atamfofin waje da rinin zamani sun janye masu saye.

Kura: shuni da shinkafa

Wanda rinin Ƙofar Mata ya burge shi, sai ya kama hanyar Zariya zuwa Kura.

Garin ya yi suna tun ƙarni na 19 wajen rina turkudi da rawanin nan baƙi mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura. Ana ɗinke siraran ƙyallayen saƙi wuri guda, a rina su sau da yawa, sannan mabuga su shafa shuni, su yi ta bugu a kan gungume har zanen ya riƙa walƙiya.

Manyan masu sayen wannan kaya su ne Buzaye na Agadas da sauran sassan Sahara, waɗanda ke naɗa shi a ranakun biki. Shunin kan zuba a fatar mai sanye da shi, kuma a wurinsu hakan ado ne. Sana'ar ta ja baya ƙwarai, amma ba ta mutu ba, kuma ɗan gari zai iya kai baƙo wurin masu rinin da mabugan da suka rage.

Abin da ya sauya fuskar yankin shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tiga na iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu.

Daga can ruwan ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu zuwa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na shirin ne domin shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Sakamakon haka, a tsakiyar rani, lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe, mai wucewa ta Kadawa zai ga gonakin alkama da tumatir da albasa kore shar a dama da hagu. Da damina kuma shinkafa ce ke rufe filayen.

A cikin garin Kura, ƙarar injinan casa ba ta yankewa. Mata na turara shinkafa a gidaje, ana shanya ta a filaye, dillalai kuma na auna ta ga 'yan kasuwar da suka zo daga jihohi daban-daban.

Gaba kaɗan, a Kwanar Gafan, kasuwar tumatir kan ci a lokacin rani, inda ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, sai dai ta sha tsayawa da aiki saboda ƙarancin tumatirin da za ta sarrafa.

Audu Bako ya so yankin ya zama wurin shaƙatawa. Otel ɗin Rock Castle da aka gina a kan dutse a Tiga ya shafe shekaru a rufe, na Bagauda kuma an mayar da shi reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Duk da haka, bakin ruwan Tiga da la'asar, lokacin da masunta ke dawowa da kwale-kwalensu, wuri ne da ya cancanci tafiyar kilomita 70 daga birni.

Bayan faɗuwar rana

Daren Kano na da nasa ƙa'idojin, kuma ya kamata baƙo ya san su tun kafin ya fita.

Jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, sannan Hukumar Hisba a 2003. Dokokin jihar sun haramta sayar da giya da shanta, kuma Hisba ta sha farfasa dubban kwalabe a bainar jama'a, tare da kai samame gidajen gala da wuraren casu.

A Sabon Gari, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa baƙi daga kudu, akwai mashaya da gidajen abinci irin na kudancin ƙasar, kodayake dokar jihar ba ta ware unguwar ba.

Ga akasarin Kanawa, hirar dare abinci ce da majalisa. Bayan sallar isha'i ne tukubar masu tsire da balangu ke ɗaukar harama, masu shayi su jera bencina, matasa kuma su cika gidajen kallon ƙwallon Turai.

Unguwar Jakara ta shahara da gurasa, wadda ake ci da tsire ko kuma a yi bandashe da ita, wato a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa. Agadasawa kuma an san ta da kilishi, tsarabar da baƙi suka fi tafiya da ita.

Titin Gidan Zoo na daga cikin wuraren da suka fi raya dare. A nan kamfanonin shirya fina-finan Hausa da yawa suka buɗe ofisoshinsu, bayan masana'antar ta kankama da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Tsofaffin gidajen silima kuwa, waɗanda tarihinsu ya faro daga Rex a 1937, akasarinsu sun rufe.

Mai son wasan gargajiya zai iya zuwa gidan damben da ke dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, inda ake karawa tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, makaɗa na zuga 'yan wasa da kalangu.

A watan azumi dare kan koma kamar rana. Kasuwanni na kaiwa tsakar dare, masallatai na cika domin tafsiri da tahajjudi, daga goma ga wata kuma yara da samari na fita tashe, in ban da shekarun da 'yan sanda suka hana saboda rikicin 'yan daba.

A Kura dare ya fi na birni shiru. Hada-hadar da ke saura bayan isha'i tana bakin babban titi ne, wurin masu shayi da masu nama da direbobin da ke jiran lodi.

Hawan Salla

Babu lokacin da Kano ke karɓar baƙi kamar na Salla. Bayan hawan ranar Idi, akwai Hawan Daushe, da Hawan Nasarawa, da kuma Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, inda hakimai, ciki har da na yankin Kura, ke zuwa da mahayansu su yi jafi a gaban sarki.

A watan Disamban 2024 Hukumar UNESCO ta sanya hawan a jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai ba kowace shekara ake yinsa ba. An dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona, sannan a 2024 da 2025 'yan sanda sun hana shi, a daidai lokacin da ake takaddama kan sarautar Kano tsakanin Muhammadu Sanusi na Biyu da Aminu Ado Bayero. Mai niyyar zuwa domin hawan, yana da kyau ya bincika kafin ya kama hanya.

Abin lura ga baƙo

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake sanyi, gonakin rani kuma suka yi kyau. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas.

Sufurin dare na buƙatar shiri. Bayan hare-haren da Boko Haram ta kai birnin a watan Janairun 2012, da waɗanda suka biyo baya, gwamnati ta hana acaɓa a 2013. A watan Yulin 2022 kuma ta hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya je Tiga ko Kura, gara ya dawo kafin magariba.

Wanka a magudanun ruwan noman rani na da haɗari, saboda ƙarfin ruwan da kuma cutar tsargiya. Ana son baƙo, namiji ko mace, ya yi shigar mutunci, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane, ko masallaci, ko fada.

A wurare irin su marina da mabuga, abin da masu sana'ar suka fi buƙata daga mai ziyara shi ne ciniki. Ramin rinin da ya rasa masu saye, shara ce ke cike shi, kuma da wuya a sake buɗe shi.